Jawabi a Kan Cikon Ƙasa da Gyaran Filin Gini a Unguwar Rimi, Kaduna



Al'ada ce in an taru don tunawa da ma'aikatan En'e na dā, sai a yi ta ambaton abin da ido ke gani na aikinsu, watau makarantun elementare, da ɗakunan shan magani, da rumfunan kasuwa, da kotunan alƙalai, da hanyoyin mota da suka haɗa gari da gari. Wannan kuwa daidai ne. Amma akwai wani aiki nasu wanda ba a yi masa bikin buɗewa ba, ba a kuwa rubuta sunan kowa a jikinsa ba, alhali shi ke ɗauke da sauran duka. Aikin nan shi ne gyaran ƙasar da za a aza gini a kanta, watau a sassabe, a kankare, a cike kwari, a rage tudu, a daɓe, sa'an nan a nuna wa ruwa hanya. A kansa ne wannan jawabi zai tsaya. An kuwa zaɓi Unguwar Rimi ta Kaduna don misali, gama a can ne kogi da mutane suka yi maƙwabtaka, kowa na neman wurin da zai miƙe ƙafa.

Yadda aka kafa garin

Kaduna ba tsohon birni ba ne irin su Kano da Katsina da Zariya. Ƙasa ce ta Zazzau, Gwarawa na zaune a cikinta da ƙauyukansu, har hanyar jirgin ƙasa da aka ja daga Baro ta ratso ta wurin, ta isa Kano cikin 1911. A zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, Gwamna Lugga ya ga Zungeru ta yi zafi, ba ta da lafiya, sai ya zaɓi wannan wuri saboda ga ruwa, ga hanyar jirgi, ga fili. Soja suka fara tarewa cikin 1913, gwamnati ta biyo baya cikin 1917. Daga nan Kaduna ta zama babban birnin Arewa har 1967, sa'ad da aka yanka jihohi.

Abu biyu ya kamata a lura da su cikin wannan labari. Na farko, ƙasar da aka tara aka yi gadon hanyar jirgin nan, yawancinta a ka aka ɗauko ta, da kwando da kwanon sarki. Mutanen karkara ne suka yi aikin diga, da yawansu kuwa ba da son ransu suka zo ba, ɗebo su aka yi ta hannun hakimai. Ba a san sunayensu ba, amma haƙƙi ne a tuna da su a irin wannan rana. Na biyu, waɗanda suka zana garin sun aza ofisoshi da bariki da gidajen gwamnati a kan tudu, arewa da kogi, suka bar wa kogi fadamarsa. Da mutane suka yi yawa, filin tudu ya yi tsada, sai gari ya riƙa gangarawa sannu a hankali, har ya kai bakin ruwa.

Unguwar Rimi tana cikin wuraren da wannan gangarowa ta fi bayyana. Kogin Kaduna, wanda ya taso daga duwatsun ƙasar Jos, ya kan zo ta wajen Malali, ya bi ta gefen Unguwar Rimi, ya wuce Kabala, kana ya ratsa gari ya nufi Kwara. Saman unguwar tudu ne mai jar ƙasa da marmara, ƙarƙashinsu kuwa dutse. Amma in aka gangara wajen kogi sai a tarad da ƙasar da ruwa ya kawo ya ajiye, rairayi da taɓo da baƙar laka, mai taushi, mai riƙe ruwa. Saboda haka unguwa ɗaya ce, amma ƙasa iri biyu, wanda ya yi musu hukunci ɗaya kuwa ya yi kuskure tun bai kafa turke ba.

Wace ƙasa ce ta ciko

Ba kowace ƙasa ce ta ciko ba. Wadda manomi ke so ita ce magini ke gudu. Baƙar ƙasa ta bisa, mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, tana da kyau ga dawa da masara, amma in aka binne ta ƙarƙashin ɗaki, abin da ke cikinta zai ci gaba da ruɓewa, ya bar kogo, daɓe ya lotsa. Don haka aikin farko shi ne a kankare ta, misalin inci 6 zuwa ƙafa 1, ko fiye in ta yi zurfi, a tara ta gefe guda don shuke-shuke in an gama gini. A tumɓuke kututture da saiwarsa. In akwai suri a tone shi har gindi, a fid da uwar garar, sa'an nan a cike ramin a daɓe, gama suri cike ya ke da hanyoyi, gara kuwa ba ta mance gidanta.

Juji ma ba ciko ba ne. An sha ganin mutum yana da kwari a filinsa, sai ya ce wa masu kwasar shara su riƙa zubawa, bayan shekara biyu ya watsa jar ƙasa a kai, ya sayar wa baƙo. Toka da tsumma da leda da gwangwani ba su daɓuwa, ba su kuwa daina motsi. Wanda ya sayi irin wannan fili ya sayi rami ne mai murfi.

Laka da yumɓu su kuma halinsu dabam. In sun sha ruwa su kumbura, in sun bushe su tsuke su dare. Duk wanda ya ga firki na ƙasar Barno da rani ya san yadda ƙasa ke buɗe baki. Bangon da ke zaune a kan irin wannan ƙasa, damina ta ɗaga shi, rani ya sauke shi, shekara da shekaru, ba abin da zai hana shi tsagewa.

Ƙasar da ta fi dacewa a wannan yanki ita ce jar ƙasa mai burji, wadda a ke samu tare da marmara, watau mai tsakuwa da rairayi da ɗan yumɓu kaɗan wanda zai ɗaure su. Turawa na kiranta da sunan da wani likita, Francis Buchanan, ya ba ta cikin 1807, bayan ya ga mutanen kudancin Indiya na yankan ta kamar tubali suna gini. Amma mutanen ƙasar Hausa ba su jira littafi ba kafin su san ta, da ita a ke yin hanyar burji, da irinta kuma mata ke daɓen ɗaki.

Ma'aikaci na iya gwada ƙasa ko babu kayan awo. Ya shinshina, in tana warin ruɓa ya ƙi ta. Ya jiƙa kaɗan ya murza a tafin hannu, in ta yi tsawo kamar igiya siririya ba ta katse ba, yumɓu ya yi yawa. Ko kuwa ya zuba ta cikin kwalba, ya cika da ruwa, ya girgiza, ya ajiye. Tsakuwa da rairayi za su kwanta nan da nan, taɓo ya biyo baya, yumɓu kuwa ya daɗe yana gurɓata ruwan, ganye da itace su taso bisa. Da safe sai ya ga ƙasar ta jeru hawa hawa, ta faɗi gaskiyarta da kanta.

Yadda a ke zubawa da daɓewa

Kafin tipa ta farko ta shigo, sai an san iyakar inda ciko zai tsaya. A kafa turaku, a ɗaura igiya, a ɗauki awo daga wani abu tabbatacce wanda ba ya motsi, kamar bakin kwalbati ko tsakiyar titi. Inda babu na'urar safiyo, siririn tiyo na roba mai ruwa a ciki ya isa, gama ruwa a bakinsa biyu kullum daidai ya ke tsayawa.

Sa'an nan a zuba ƙasa shimfiɗa shimfiɗa, kowace shimfiɗa kada ta wuce misalin inci 6, in da hannu za a daɓe ma a rage. A yayyafa ruwa, a daɓe ta sosai, kana a zuba ta gaba. Dalili shi ne ƙarfin madaɓi, ko na hannu ne ko na inji, ba ya ratsawa can ƙasa. In aka juye ƙasa ƙafa 3 gaba ɗaya aka bi ta kai da inji, sai saman ya yi tauri kamar faranti, cikin kuwa yana nan sako-sako kamar garin tuwo. Mai fili ya zo ya taka ya ji ƙarfi, ya biya kuɗi, ya tafi yana murna.

Ruwan da a ke yayyafawa shi ma yana da ƙa'ida. Busasshiyar ƙasa ba ta daɓuwa, sai ƙura. Wadda ta jiƙe sharkaf kuma sai ta riƙa gudu daga ƙarƙashin madaɓi tana ɓullowa gefe. Wani injiniya na Amurka, R. R. Proctor, wanda ya yi aikin madatsun ruwa na ƙasa a Los Angeles, ya bayyana cikin 1933 cewa kowace irin ƙasa tana da gwargwadon laimar da ta fi daɓuwa a kai, ya kuma tsara yadda za a auna. Har yanzu da awonsa a ke aiki, a manyan ayyuka kuwa a kan nemi ciko ya kai kashi 95 cikin 100 na taurin da aka samu a ɗakin gwaji. To, abin da Proctor ya sa wa lamba, tsohuwa mai daɓe ta san shi da hannu. A dunƙula ƙasar a tafi, in ta ɗaure ba ta jiƙa hannu ba, aka sake ta daga daidai ƙugu ta fashe gida biyu ko uku, ta yi daidai. In ta watse kamar gari, a ƙara ruwa. In ta manne kamar ƙulli, a baza ta ta sha iska.

Akwai dabaru biyu da masu gaggawa ke fakewa da su. Waɗansu su kan malala wa ciko ruwa su ce ya zauna da kansa. Wannan ya kan yi amfani ga yashi tsantsa, amma ga jar ƙasa sai dai ya mai da ita taɓo. Waɗansu kuma su ce a bar shi damina ɗaya ta bi ta kai. Lalle damina na rage wani abu, amma ba ta kai madaɓi ba, ba ta kuwa zaunar da ko'ina daidai. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, kuma a wannan aiki shimfiɗar da aka tsallake ba a komawa gare ta sai da diga.

Harsashi

Babbar ƙa'ida ita ce, ciko na ɗaukar daɓe da tsakar gida, amma nauyin bango na ƙasar asali ne. A tona harsashi ya ratsa ciko duka, har ya isa ƙasar da Allah ya ajiye a wurin, mai tauri, sa'an nan a zuba kankare. Ba a aza harsashi a kan ciko sai injiniya ya gwada ya sa hannu. A fadama kuwa, inda ƙasar asalin ita kanta mai taushi ce, ko an ratsa ciko ba a tsira ba, dole a nemi masani ya haƙa ya duba kafin a zana irin harsashin da ya dace.

Haɗarin da ya fi yawa a gangare irin na Unguwar Rimi shi ne gidan da rabinsa ke kan tudun da aka rage, rabi kuma kan kwarin da aka cike. Gefe ɗaya ya tsaya cik, ɗayan ya nutse ko da inci 1 ne, sai a ga tsaga ta tashi daga kusurwar taga ta nufi sama a karkace, ƙofa ta ƙi rufuwa. Gini ba ya tsoron nutsewa kamar yadda ya ke tsoron nutsewar gefe ɗaya. Hasumiyar Pisa ta ƙasar Italiya, wadda aka fara cikin 1173, ta karkace ne don ƙasar da ke ƙarƙashinta ta fi taushi a gefe guda. Sai da aka rufe ta daga 1990 zuwa 2001, masana suka yi ta zaƙulo ƙasa kaɗan kaɗan daga ƙarƙashin gefen da ya ɗaga, kafin a amince ba za ta faɗi ba. Talakan da ɗakinsa ya tsage ba shi da irin wannan gata.

A kuma kula da katanga. Bulo mai inci 6 da aka jera don raba gida da gida ba a yi shi don tare ƙasa ba. In aka jibga ciko ƙafa 3 ko 4 a bayansa, ruwan Agusta ya shiga ya ƙara masa nauyi, sai katanga ta kife, a kan maƙwabcin da ke ƙasa kuwa ta ke kifewa, sau da yawa da tsakad dare. Inda ciko zai jingina da bango, sai an yi bango mai kauri da rodi, an bar wuriya a gindinsa, an zuba tsakuwa a bayanta don ruwa ya sami mafita. Inda babu bango, a kwantad da gefen cikon, kowace ƙafa 1 ta tsayi a ba ta ƙafa 2 ta faɗi, a dasa ƙiri-ƙiri ko jema su riƙe shi.

Lissafi

Ya kamata ma'aikaci ya iya lissafin ciko, don kada a cuci baitulmali, kada kuma a cuci mai fili. A ɗauki fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100, za a ɗaga shi ƙafa 2. In an buga 50 sau 100 sau 2, an sami 10,000, watau akwati dubu goma ke nan, kowane ƙafa ɗaya tsawo, ƙafa ɗaya faɗi, ƙafa ɗaya zurfi. Amma ƙasar da ke cikin tipa a sake ta ke, in an daɓe sai ta ragu, saboda haka a ƙara misalin rubu'i, ya zama 12,500. In da kwanon sarki za a ɗauka, ya haura kwano 20,000. Wannan ya isa ya nuna nauyin da mutanen dā suka ɗauka a ka.

Lissafin nan kuma ma'auni ne na gaskiya. In ɗan kwangila ya kawo ƙasa daidai da girman ramin, ya ce ta cika har ta yi saura, to, ba a daɓe ba. In kuma takarda ta nuna tipa ɗari, turaku suka nuna aikin tipa sittin, a tambayi inda arba'in suka sauka. Turken da aka kafa tun farko shaida ne wanda ba ya cin hanci.

Ina ruwa zai bi

Nan ne zancen ya fi nauyi. Ruwan da ke sauka a Kaduna ya kan kusa inci 50 a shekara, mafi yawansa kuwa cikin Yuli da Agusta da Satumba. Inci 1 kaɗai in ya sauka a kan fulotin nan mai 50 da 100, ya kai garwa 650. Dole ruwan nan ya tafi wani wuri. Don haka a ke ɗaga daɓen ɗaki bisa tsakar gida, a ɗaga tsakar gida bisa lambatu, a kuma gangarad da ƙasa daga jikin bango, misalin inci 6 cikin ƙafa 10 na farko. Ruwan indararo ya sauka kan dutse ko kankare, kada ya tone gindin bango. Tun ran gini ran zane, hanyar ruwa kuwa tun ran ciko a ke yanka ta.

Amma ciko ba ya kashe ruwa, kora shi kawai ya ke yi. In fulotin nan a fadama ya ke, inda kogi ya saba kwanciya ƙafa 2 in ya cika, wanda ya cike shi ya kori garwa fiye da 15,000, ba kuwa inda za su sai gidan wani. Mutum ɗaya ya yi, ba a gani. Na biyu ya ga ruwa ya shigo masa, shi ma ya ɗaga nasa ya fi na farko. Na uku ya cike ɗan rafin da ke bayansa ya ƙara ɗaki. A haka a haka sai titi ya zama shi ne rafi, gidan da ya rage a ƙasa kuwa na wanda ba shi da kuɗin tipa ne, watau gwauruwa, ko tsohon ma'aikaci mai ɗan fansho, wanda ya riga kowa zama a wurin.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Cikin Agusta 2003 Kogin Kaduna ya yi cikar da ta cinye gidaje masu yawa a unguwannin bakinsa, mutane dubbai suka rasa wurin kwana. Cikin 2012, shekarar babbar ambaliya a Nijeriya, da kuma Satumba 2015, ruwa ya sake shiga, gangaren Unguwar Rimi da Kabala na cikin wuraren da a kan ambata. A kan ce kogi ya shiga gidajen mutane. In za a faɗi gaskiya, a wurare da yawa mutane ne suka shiga gidan kogi, ya yi tafiya da rani, ya komo da damina ya tarar an gine masa shimfiɗa.

Kududdufi

Kowane tudun da aka yi da hannu, akwai ramin da aka bari a wani wuri. Birnin Kano shaida ne, gama kududdufan da ke cikinsa ramukan da aka haƙi ƙasar gina gidaje ne. Suna da amfaninsu, don su kan karɓi ruwan sama su rage wa lunguna, shi ya sa inda aka cike su aka yi gini ba tare da an yi magudana ba, ruwa ya kan koma cikin gidaje. Suna kuma da sharrinsu. Tun 1897 Ronald Ross ya tabbatad da cewa sauro ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓi, sauro kuwa a ruwan da ya kwanta ya ke haihuwa. Ga kuma yara masu zuwa wanka, ga masu haƙa waɗanda gaɓa ke ruftawa a kansu in sun yi mata kogo.

Saboda haka ma'aikacin da ya ba da izinin ciko bai gama aiki ba sai ya san inda za a ɗebo ƙasar. Kada a haƙa kusa da gidaje, ko gindin hanya, ko gaɓar kogi, gama gaɓar da aka raunana ita ruwa ke fara ci. A yi ramin da faɗi, kada a yi shi da zurfi, a kwantad da bakinsa, a yanka masa mafita, in an gama a mai da baƙar ƙasar da aka kankare don ciyawa ta tsiro.

Abin da ya rataya a wuyan ma'aikaci

An shafe En'e cikin gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Unguwar Rimi yanzu tana cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, izinin gini kuwa yana hannun hukumar tsara birane ta jiha, watau KASUPDA. Katafila ta maye gurbin diga, tipa ta maye gurbin kwando. Amma ƙasa ba ta sake hali ba, ruwa bai daina bin gangare ba, kuma har yanzu mutum ne ke sa hannu a takarda.

Abin da a ke bukata ga ma'aikaci kaɗan ne, sai dai yana da wuyar riƙewa. Ya je filin da ƙafarsa kafin a zuba ƙasa, gama bayan an zuba ba abin da zai gani. In da hali ya je da damina. Ya tambayi mai unguwa da tsofaffin wurin inda ruwa ya tsaya a shekarar babbar cika, su nuna masa a jikin itace ko bango, ya rubuta. Ya duba ƙasar da aka kawo, ya ga shimfiɗa ana daɓe ta, ya leƙa ramin harsashi kafin a zuba kankare. Ya tsaya a ƙofar maƙwabcin da ke ƙasa, ya tambayi kansa inda ruwan zai bi. In kuwa fili hanyar ruwa ne, ya ce hanyar ruwa ne, ko mai shi wane ne, ya kuma rubuta dalilinsa a fayil don na bayansa.

Hakimai da dagatai da masu unguwa su ma suna da rabo babba, don su a kan fara kawo wa cinikin fili su shaida. In mai unguwa ya san wuri tsohon juji ne ko tsohon kududdufi, ya faɗa wa mai saye tun kuɗi bai fita ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Waɗansu ayyukan hukuma in an yi ha'inci a cikinsu a kan gane a ranar. Ciko ba haka ya ke ba. Ana rufe shi da siminti da fenti, a yi walima, ma'aikaci ya sami canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, sa'an nan bayan damina biyar ko goma ƙasa ta kawo ƙara. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Haka kuma wanda ya yi aikin bisa gaskiya ba mai yaba masa, don gidan da bai tsage ba ba ya ba da labari. Akwai gine-gine da kwalbatoci na zamanin En'e waɗanda suka sha damina fiye da saba'in suna nan tsaye. Ƙarƙashin kowane ɗayansu akwai wani heluma da ya ce a sāke daɓe wannan shimfiɗa, da wani malami da ya ƙi sa hannu sai ya gani da idonsa. Su a ke tunawa yau, kuma hanyar girmama su ita ce a yi wa ƙasar da ba a gani irin aikin da suka yi mata.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba waɗanda ke kan aiki ikon riƙon amana. Iyakar jawabin ke nan.